Ina motocin da ke ɗauke da sunan masu su?

Jama'a, ku tsaya a bakin kowace babbar hanya ku dubi manyan motocin da ke wucewa, sannan ku gaya mini guda nawa za ku iya cewa ga mai su. Farar tirela, kwantena a baya, sai wani tambari da bai nuna kowa ba. Da ba haka abin yake ba, kuma wannan canji yana damuna ƙwarai.

A da kowane yanki da kamfanonin jigilarsa. Ba wasu manya ba ne, wani motoci biyar gare shi, wani goma, wanda ya tara talatin kuwa ya zama abin kwatance. Sunan mai kamfani yana jikin ƙofar direba, sunan garinsu a ƙarƙashi, kuma da hannu ake rubutawa, da buroshi, mai rubutun ma da wannan sana'a yake ci da iyalinsa. Kowane gida da launinsa. Tun mota tana nesa yara sun san ta wane ce, bakanike kuwa ko bai ɗago kai ba ya gane ta da kukan injin, kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a cikin garke.

Wannan suna na jikin ƙofa alkawari ne, kuma shi ne abin da nake kewa fiye da fenti da ƙarar inji. Idan kaya suka jiƙe saboda ba a ɗaure tamfol da kyau ba, mai kaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan direba ya yi ganganci a hanya, kafin ya dawo gareji labari ya riga shi zuwa. Mai mota yana tsoron sunansa ya ɓaci, domin sunan mahaifinsa ne, kuma shi zai bar wa 'ya'yansa. Haka shi ma direba, mota ɗaya yake riƙewa shekara da shekaru, ya san inda take ciwo, ya san giyar da take so a kan hawa. Yaron mota yana farawa da wanki da saka waigi, ya koyi ɗaurin igiya, ya koyi canza taya, sai bayan ya daɗe maigida ya yarda ya damƙa masa sitiyari. Makaranta ce sukutum, kuma babu wanda ya kira ta makaranta.

Su kansu motocin yawancinsu sun bi masu su. Bedford, wadda aka fara ƙerawa a Luton ta Ingila a 1931, ta cika hanyoyin Afirka da Asiya, amma a 1986 kamfanin General Motors ya daina ƙera manyanta. Har yau a Pakistan ana kwalliyar tsofaffin Bedford ana lodi da su, alhali masana'antar da ta haife su ta daɗe da rufewa. Berliet ta birnin Lyon a Faransa, wadda ta ƙera wata gingimari mai suna T100 a 1957 domin aikin mai a Sahara, an haɗe ta da Saviem, wani kamfanin ƙera manyan motoci na Faransa, a 1978, bayan ɗan lokaci sunan ya ɓace cikin Renault. Leyland ta Birtaniya ta haɗe da DAF ta Holland a 1987, haɗin ya durƙushe a 1993, daga baya kamfanin Paccar na Amurka ya saye su duka biyu. Marsandi mai gajeren hanci, dangin 911, ta jima ƙwarai: an fara ta a 1959, aka ci gaba da ƙera ta a Jamus har 1995, saboda ƙasashen da hanyoyinsu ke da wuya sun ƙi rabuwa da ita.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Foden da ERF, domin rigimar gida ce ta haifi na biyun. Iyalin Foden a garin Sandbach na Ingila sun yi suna da motoci masu aiki da tururi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, Edwin Richard Foden, ya ga cewa zamanin dizal ya zo, ba a saurare shi ba, sai ya fita ya kafa nasa a 1933 a gari ɗaya, ya sa masa haruffan farko na sunansa. Shekaru da dama gidajen biyu suna gogayya, ƙananan kamfanonin jigila kuma sun rabu, wasu 'yan Foden, wasu 'yan ERF. An ƙera Foden ta ƙarshe a 2006, sunan ERF ya bi ta a 2007.

To me ya cinye kamfanonin jigilar? Ban yarda da masu cewa lalaci ko rashin iya lissafi ba ne. Wasu kam magada ne suka raba motoci bayan rasuwar tsoho, kowa ya kama gabansa. Amma babban abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Wanda ya fara girgiza sana'ar ma ɗan cikinta ne. Malcom McLean da tsohuwar mota guda ya fara a jihar North Carolina ta Amurka a 1934, ya gina babban kamfani, sannan ya sayar da shi ya koma harkar jirgin ruwa. A watan Afrilun 1956 jirginsa Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da kwantena 58. Daga ranar aka fara rage buƙatar mutumin da ya iya jera buhu da ɗaure kaya, tunda akwatin a rufe yake zuwa, a rufe yake tafiya, kuma kowace mota tana iya jan sa. Kamfanin motocin da ke ɗauke da sunan McLean shi ma ya rushe a 1986.

Sai kuma dokoki. A Birtaniya gwamnati ta karɓe jigilar dogon zango bayan dokar 1947, ta zuba motocin ɗaruruwan iyalai cikin kamfanin gwamnati mai suna British Road Services, aka shafe sunayensu da fenti. An mayar da wani ɓangare hannun 'yan kasuwa daga 1953, amma gidaje da yawa ba su sake tashi ba. A Amurka akasin haka aka yi: dokar 1980 da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ta sassauta ikon gwamnati a kan hanyoyi da kuɗin dako, kowa ya shigo, aka shiga karya farashi. Mai kaya ya ji daɗi, wannan gaskiya ne. Amma wanda yake biyan direbansa da kyau, yake gyara mota a kan lokaci, shi ne ya fara shan wuya. Manyan ma ba su tsira ba. Consolidated Freightways da aka kafa a 1929 ya rufe a 2002, kamfanin Yellow ya bi shi a 2023 da ma'aikata kusan 30,000. Jajayen motocin kamfanin Norbert Dentressangle na Faransa da suka cika hanyoyin Turai, XPO na Amurka ya saye su a 2015, sunan ya sauka daga jikinsu.

Ba na cewa komai na da alheri ne. Direbobin wancan zamani sun sha azaba: sitiyari mai tauri, zafin inji a cikin kan motar, burki da ba a dogara da shi a gangara, barci a kan kujera ko a ƙarƙashin mota. Da yawa sun tsufa da ciwon baya da raunin ji, ba fansho. Motar yau ta fi tsaro, ta fi tsimin mai, kuma ina murna da hakan. Abin da nake ƙi shi ne yadda alhaki ya watse. Yau kai na wani ne, bodi na wani, kaya na wani, dillali ya karɓi aiki a waya ya miƙa wa wani dillalin, direba kuma bai taɓa ganin wanda yake yi wa aiki ba. In abu ya lalace, kowa ya nuna na gaba.

Kuma tarihin waɗannan gidaje yana salwanta a idonmu. Manyan masana'antu suna da gidajen tarihi, amma kamfani mai motoci takwas babu wanda ya rubuta shi. Littafin lodi ya tafi bola ranar da aka sayar da gareji, hotuna suna cikin akwati ba a san su waye a jiki ba.

Don haka ina roƙon duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi wannan sana'a, mai mota ne ko direba ko bakanike ko mai rubutu a jikin bodi, ya zauna da tsohon tun yana da rai. Ku tambaye shi sunan kamfanin, irin motar, launinta, hanyar da take bi, kayan da take ɗauka, da shekarar da aka sayar da ta ƙarshe. Ku rubuta a bayan hoton, ku ɗauka da waya ku ɗora a nan, ina so in gani.