Alhaji Ya Sayo Kyamara

(Aboabo, Kumasi. Bayan la'asar, a tsakar gida. Saura kwana biyu suna. Alhaji ya shigo rungume da kwali, ɗansa Ɗanjuma na biye da shi.)

ALHAJI: Hajiya! Fito ki ga abin da na ɗauko daga Adum. Daga yau ni da Ɗan'asabe mai hoto sai gaisuwa.

HAJIYA: Sannu da zuwa, Alhaji. Rediyo ce?

ALHAJI: Rediyo! Canon ce, 'yar Japan, EOS 2000D. Megafiksel 24 ne a cikinta.

HAJIYA: Mene ne kuma megafiksel?

ALHAJI: Mai shagon ya ce 24 ne cif. Ban tsaya ya ƙirga min ba, mutum ne mai amana.

HAJIYA: Nawa ka ba shi?

ALHAJI: Sidi dubu shida kacal.

HAJIYA: Faɗa min da tsohon kuɗi, in ji zafin yadda ya kamata.

ALHAJI: Tun 2007 aka cire sifiri huɗu, ke har yau... To, miliyan sittin.

HAJIYA: Innalillahi! Ragon sunan ma rabi muka biya.

ALHAJI: Rago a rana ɗaya za a cinye shi. Tsaya nan jikin bango. (Ya rataya igiya a wuya, ya miƙa kyamarar nesa da fuska kamar waya.) Af, allon baƙi ne.

ƊANJUMA: Baba, irin wannan ta 'yar kafar nan ta sama ake leƙawa.

ALHAJI: (Ya manna ido.) Nan ma duhu. Kai, har cikin kwali dumso, ɗauke wutar nan tamu, ya biyo ta?

ƊANJUMA: Baba, murfin gilashin ne ba ka cire ba.

ALHAJI: Na sani. Gwada ka nake yi in ga ko kuɗin makarantarka na aiki.

(Ya cire murfi, ya taɓa maɓalli. Fitilar kan kyamarar ta ɗago da kanta, ta haska.)

HAJIYA: Wayyo! Ta fashe!

ALHAJI: Gaisuwa ce. Haka ta Japan take yi. Gyara mayafi. (Ƙaras! Ƙaras!) Kin ji ƙarar kuɗi? Wayarki ta taɓa yin haka? Kai Ɗanjuma, kamo min ragon. Kira min maƙwabta ma.

(An jima ana ƙaras ƙaras. Ɗan'asabe ya yi sallama, da tsohuwar jakarsa a kafaɗa.)

ƊAN'ASABE: Ranka ya daɗe, na zo jin ƙarfe nawa za a fara jibi. A'a! Alhaji an shigo sana'armu?

ALHAJI: An shigo. Amma duba min, ina zaton tana da farfaɗiya. Duk na danna, sai idona ya yi duhu na ɗan ƙiftawa.

ƊAN'ASABE: Lafiyarta ƙalau. Madubi ne a ciki, a karkace. Shi ke ɗauko abin da gilashin ya gani ya kai wa idonka. Kana dannawa sai ya ɗaga sama ya ba haske hanya, ya dawo. Ƙarar da kake ji, har da tasa.

HAJIYA: Madubi? Na miliyan sittin? Nawa da na saya a Kejetia ya fi faranti girma, kuma bai taɓa yi min duhu ba.

ƊAN'ASABE: Ga shi nan, Hajiya. (Ya murɗa gilashin ya cire.)

ALHAJI: Kai! Ka karya min ita gida biyu!

ƊAN'ASABE: Ai don haka ake sayenta, a cire wannan a sa wani. Naka 18 zuwa 55 ne, na kwali. In kana son ɗauko liman daga sahun baya a filin Idi, sai ka sayi dogo.

HAJIYA: Wato bayan miliyan sittin ɗin ma tana da 'yan'uwa da za a ciyar.

ALHAJI: Na ga ƙura a ciki. Kawo in goge da hannun riga.

ƊAN'ASABE: Don Allah rufa min asiri! Ƙurar hunturun nan in ta zauna a ciki, duk hoton da ka ɗauka sai ya fito da tawadar Allah a goshi. (Ya mayar da gilashin da sauri.) Wa kuma ya murɗa wannan zuwa M?

ALHAJI: Ni ne, bayan ta tsorata Hajiya. Na ga P, na ga M. Na ce M tawa ce, Mai-gida.

ƊAN'ASABE: M kuwa ita ce ka ƙwace sitiyari daga hannun direban turoturo. Yawan haske, saurin rufewa, duk kai za ka auna. Mayar da ita kan koren nan, ta tuƙa kanta.

ALHAJI: To, nuna wa Hajiya hotunan. Sun kai arba'in. Akwai wanda rago ya kalle ni sosai.

ƊAN'ASABE: (Ya danna, ya buɗe ƙofar batir, ya leƙa.) Alhaji, ina memorin?

ALHAJI: Wane memori?

ƊAN'ASABE: Katin da hoto ke zama a ciki. Ba ya zuwa a kwali.

ALHAJI: Amma da idona na ga fuskar Hajiya a allo!

ƊAN'ASABE: Ta nuna maka, ta kuma rubuta da Turanci cewa babu kati. Ba ta da inda za ta ajiye.

HAJIYA: Minti ashirin ina murmushi har muƙamuƙina ya yi tsami. Ashe iska nake yi wa.

ALHAJI: Gobe da sassafe zan koma Adum. Jibi kuwa in na saka babbar rigata ta shadda, in ɗauki jariri, in tsaya kusa da liman...

ƊANJUMA: Baba, to wa zai riƙe kyamarar?

(Shiru. Alhaji ya juya kyamarar tana kallonsa, ya nemi allon, allon na can baya ba ya juyawa.)

ALHAJI: Ɗan'asabe.

ƊAN'ASABE: Ranka ya daɗe.

ALHAJI: In da tawa za ka ɗauka, ai za ka rage min kuɗi.

ƊAN'ASABE: Da tawa, yadda muka saba. Da taka, sai an ƙara sidi hamsin. Sabuwa ce, hannuna zai riƙa rawa.