Wai suna koya musu kwamfuta

Har yanzu abin nan na ranar Alhamis, da ɓarayi suka yaudari 'yata suka ƙwace WhatsApp ɗin matata, bai bar cin raina ba. Waɗanda suka ga abin da na rubuta sun san zancen, kuma nagode da jaje, an samu an dawo da WhatsApp ɗin. Abin da ya fi ƙona min rai amsar da aka ba ni a makarantar yarinyar ce da na kai ƙorafi, wai "ai mu muna koya musu kwamfuta, sauran kuma aikin iyaye ne." To madalla. Sannunku da ƙoƙari.

Na dawo gida na buɗe littafin yarinyar nan na darasin kwamfutar, 'yar aji huɗu. Shafin farko ma'anar kwamfuta da Turanci, ta haddace tas kamar karatun allo. Shafi na biyu ta zana maus har da wutsiyarsa ta shafa masa kala, malam ya ba ta goma bisa goma. Duk zango ina biyan kuɗin ICT, wato na darasin kwamfuta, ɗakin kwamfutar kuwa na leƙa da idona, guda shida ne an lulluɓe su da tsohon zani saboda ƙura, makullin yana aljihun hedimasta. Sannan shi malamin da kansa ya ba su aikin gida wai su je su bincika a Google. Da wayar wa? Da ta uwarta mana. Ka tura yarinya 'yar shekara tara intanet ita kaɗai kamar ka aike ta Kantin Kwari ba ka koya mata tsallaka titi ba, tana cikin binciken saƙo ya faɗo wai an ci kyautar data, ta danna, suka nemi lambar waya ta sa, suka ce ta turo lambobi shida da suka shigo ta tura, ita a ganinta gwaninta ta yi wa Mama. Kafin la'asar ana ta roƙon dangi kuɗi da sunan matata.

Wayar nan tana hannunsu, ko mun so ko mun ƙi. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa ana min kwana-kwana.

Gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja a 2025, an sa ilimin fasahar zamani tun daga aji huɗu na firamare, NITDA kuma, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, tana ta maganar kashi 70 na 'yan ƙasa su iya harkar nan zuwa 2027. Ni ban ƙi ba wallahi, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, mun ga yaran da ranar jarabawa suka fara taɓa maus hannu na rawa. A koya musu. Amma darasin farko ya zama yadda yaro zai tsare kansa. Lambar da ta shigo waya ba a ba kowa ko da ya ce shi ne Baba. Ba a tura wa baƙo hoto, ba a faɗa masa sunan makaranta ko unguwa. Duk wanda ya ce ka ci kyautar gasar da ba ka shiga ba ɓarawo ne. In ka ga abin da ya ba ka kunya ko tsoro ka gaya wa babba, kuma babban ya yi alƙawarin ba zai dake ka ba. Wannan na ƙarshen ma ya fi sauran, don yarinyata ta ga wayar ta rikice amma ta yi shiru awa uku saboda tsoron bulala.

Kar wani ya zo min da zancen babu wuta a makarantu. Wanne daga cikin waɗannan ne yake buƙatar NEPA? Allo da alli sun isa, minti goma a sati.

Masu cewa a hana su waya kawai, ina gaishe ku. TikTok da Facebook sun ce sai ɗan shekara 13, Ostareliya ma ta hana 'yan ƙasa da 16 buɗe asusu a irin waɗannan shafukan, mu nan kuwa ɗan aji uku ne yake buɗe wa kakarsa YouTube ta ji tafsiri. Gida nawa ne in saƙon banki ya shigo ake cewa "kai zo ka karanta min"? Yaron nan shi ne sakataren gidan, shi ya san lambar sirrin wayar, sai kuma ka ce min aikin iyaye ne, iyayen da su kansu kullum ake kwashe musu kuɗi a asusu da kiran waya ɗaya. Wa zai koya wa wa? Wayar tana hannunsu, kuma makaranta ce ta fara aikensu can.

Maganar gaskiya ranar na kusa marinta. Sai na ga ta ƙi cin tuwo ta kwanta ta juya wa kowa baya, na zauna na tambayi kaina ni ɗin na taɓa gaya mata? Ban taɓa ba. Ko matakin tsaro na biyu da WhatsApp yake da shi ban sa wa wayar ba sai bayan ɓarna. Nawa laifin na ɗauka, su ma su ɗauki nasu tunda suna karɓar kuɗi.

Af, ga kuma guruf ɗin iyaye na makarantar, inda ake zuba hotunan yaranmu da sakamakonsu ba a tambayi kowa ba, sha ɗayan dare kuma wata tana tallan turaren wuta da atamfa. Gwaggo ce dai ta tura wa ɓarayin nan dubu goma, ta ce ta yafe kar a biya ta, amma yau sau uku ke nan tana kira wai gaisuwa ce kawai. Gobe da safe zan kai mata kuɗinta in huta.