In Allah ya kai ku Zanzibar, ku ci abincin Zanzibar

Jama'a ina da magana da 'yan uwanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere da suka fara zuwa hutu Zanzibar. Mutum ya tara sefa, ya gangara Duwala, ya bi ta Addis Ababa, duk wannan wahala, ya isa tsibiri kuma sai ka ga hotonsa a Facebook yana cin kaza da soyayyen dankali a otel safe da dare. Wallahi abin yana min ciwo.

Wasu tsoron haram ne ke hana su, kuma na fahimce su. Amma fa mutanen Zanzibar yawancinsu Musulmi ne, abincin cikin gari ya fi kwantar da hankali kan na manyan otel na bakin teku inda ake sai da giya. Abin teku kuwa mu Malikawa ba mu da matsala da shi, hadisi ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kaguwa, jatan lande, har pweza, wannan halitta mai hannu 8 da suke dafawa da madarar kwakwa, duk sun halatta.

Bayan magariba ku je Forodhani a bakin ruwan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, nan masu abinci ke baje tebura, akwai mishkaki wanda tsire ne irin namu, akwai urojo, wani romo mai tsami-tsami da dankali da ƙosai a ciki, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami, ni dai wannan ruwan raken kaɗai ya ishe ni dalilin fita. Da rana kuma a nemi pilau, wato shinkafa da ake dafawa da kayan ƙamshi, kanumfarin da ke cikinta a tsibiran nan ake noma shi, musamman Pemba, shi ya sa ƙamshin daban yake.

Sai dai a tambayi farashi kafin a ɗora maka komai a wuta, don baƙo ana ƙara masa kuɗi. Kifi kuma a duba shi, ai wanda ya tashi yana sayen giwan ruwan Lagdo a bakin Binuwai ya san idon kifin da ya kwana. In bai yi maka ba ka wuce teburin gaba, suna da yawa.