In kun je Marsey, ku zauna ta hagu

’Yan Maradi da ke zuwa Faransa, ɗalibai da alhazai ’yan kasuwa, ina da ƙorafi a kanku. Mutum ya sha wuyar biza, balle yanzu da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai tun farkon 2024, ya isa Marsey, ya ƙare kwanakinsa tsakanin masauki da kasuwar Noailles. Alhali ga jirgin ƙasan Côte Bleue, bakin tekun da ke yamma da Marsey, nan a tashar Saint-Charles, rabin yini ya ishe shi.

Tun 1915 aka buɗe layin. Ya bi gefen duwatsu, ya shiga rami ya fito, ya hau gada, teku na can ƙasa shuɗi kamar an zuba baba. Mu da ruwanmu Gulbin Maradi ne da tafkin Madarunfa, wannan abin kallo ne.

Inda ake tafka kuskure: hanya biyu ce ke zuwa Miramas, garin da layin ya ƙare, daga Marsey. Ɗaya ta bi ta Rognac, ta fi sauri, amma ba za ka ga bakin tekun nan ba. Wadda kake so ita ce mai bi ta Martigues. Kada ka tsaya ga sunan tashar ƙarshe, duba allo ka ga Niolon da Carry-le-Rouet a jerin tashoshi kafin ka shiga.

Jirgin TER ne, wato na zirga-zirgar cikin yanki, ba a kama kujera, wanda ya riga shi ya zauna. Daga Marsey nemi taga ta hagu, a dawowa ta dama. Ka zauna ta ɗaya gefen, dutse za ka yi ta kallo. Kyawun yana tsakanin L'Estaque da Sausset-les-Pins. Bayan Martigues kuwa matatun mai ne da masana'antu, ba sai ka kai Miramas ba.

Masu ɗaukar hoto, ku shirya waya tun L'Estaque. Ramukan sun yi kusa da juna, kafin ka buɗe kamara duhu ya rufe ka. Manna wayar jikin gilashi, in ba haka ba fuskarka za ka ɗauko.

Ni a ganina a sauka Niolon. Ƙauyen masunta ne ɗan mitsitsi, jiragen ruwa a ɗaure bakin teku. Sai dai ƙofar jirgi ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli, kuma tsayawar ba ta da tsawo. Yanki tikitin zuwa da dawowa tun Saint-Charles, ka riƙo ruwa da guzuri, don abincin halal ba ko'ina ba. Da zafi, daga Yuni zuwa Satumba, akan hana bin hanyoyin dutsen ranar da ake tsoron gobara.

Jiragen ba su da yawa, ga yajin aiki, ga gyaran layi da kan sa a maye jirgi da bas. Duba SNCF Connect, manhajar kamfanin jirgin ƙasa, da safen ranar, ka rubuta lokacin jirgin ƙarshe a takarda, ko da cajin waya zai ƙare.