Ba kowace na'ura ke auna radon ba

Malam mai rahoto, sannu da ƙoƙari kan labarin radon, wata iska mai fitar da radiyeshon, a ruwan burtsatse, amma hoton na'urar Geiger (mai auna radiyeshon) da ka saka zai ruɗar da mutane. Radon tana fitar da ƙwayoyin radiyeshon da ake kira alfa ne, waɗanda ko takarda tana tare su, don haka sai an shigar da iskar cikin na'urar da aka yi don auna radon kafin a ƙirga su. Kuma duk kwana 3.8 rabin ƙarfin radon yake tafiya. In ka ɗebo ruwa a Rigasa ka ajiye sati biyu kafin ka kai Zariya awo, ai aikin banza ka yi! A ɗaki kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ba da shawarar kada radon ta wuce bekarel (ma'aunin ƙarfin radiyeshon) 100 a kowace kubik mita.