Kaurin allura daban, tsawonta daban

Ranar Talata na kai ƴata rigakafi, ta cika mako 14. Wata uwa da ke gabana a layi ta hango allurar da nas ta ɗauko, sai ta ce, "Malama, don Allah ki nemo guntuwa, wannan ai ta yi wa jinjiri tsawo." Na ji tausayinta sosai, domin ni ma a da haka nake tunani. Amma abin da take roƙo shi ne zai fi cutar da ɗanta.

Rigakafin da ake yi a cinya, cikin tsoka ake so ya shiga. Idan allurar guntuwa ce, ruwan maganin sai ya tsaya a cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, wurin ya yi ja ya kumbura, yaro ya kwana yana kuka. Shi ya sa ake amfani da mai tsawon milimita 25 ko ga jarirai. Binciken da aka yi wa jarirai a Ingila ya nuna doguwar ta fi mai milimita 16 rage kumburi.

Kauri kuwa yana da tasiri a zafin sukar. Ku duba launin gindin allura: koriya lamba 21 ce, shuɗiya 23, mai ruwan lemu 25. Lamba na ƙaruwa, allura na sirancewa. Ta masu ciwon sukari har 31 ko 32 take kaiwa, kamar silin gashi. Na ga haka a jikin mahaifina. Da sabuwar allura ko motsi ba ya yi, amma saboda tsada sai ya riƙa maimaita guda ɗaya har tsininta ya dakushe, daga nan cikinsa ya cika da tabo.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu kemis suke yi. Sirinji ya zo da koriyar allura a cikin leda, shi ke nan, da ita za a soki ƙato, da ita za a soki yaro ramamme. Kuɗin shuɗiyar nawa ne? Na san akwai magani mai kauri irin fenisilin ɗin nan mai kama da madara, wanda ba ya wucewa ta siririyar allura, kuma ɗibar jini ma ba ta son siririya ƙwarai. To, wannan uzuri ne na gaskiya. Amma ganda fa?

Wani zafin ma ba na ƙarfen ba ne. Magani mai sanyi daga firji yana da raɗaɗi, haka idan aka soka kafin sifirit ya bushe, ko mutum ya ƙanƙame jikinsa don tsoro.

Nas ɗin nan ta zaunar da matar ta yi mata bayani cikin natsuwa, sannan ta ce ta sa wa yaron nono kafin ta soke shi. Ya ɗan yi ƙara sau ɗaya ya koma kan nononsa.