Kasafin kuɗi ba a zauren majalisa ake dafa shi ba

Akan ji a labarai cewa 'yan majalisar tarayyar Najeriya sun tafka muhawara kan kasafi a zauren majalisa, amma muhawarar karatu na biyu kan manufofi kawai ake yin ta, ba a taɓa alƙaluma. Ainihin aikin yana ɗakunan kwamitoci, inda ministoci da shugabannin hukumomi ke kare abin da aka ware musu. Daga nan rahotanni su tafi kwamitin kasafi, a daidaita na Dattawa da na Wakilai, sannan shugaban ƙasa ya samu kwana 30 ya sa hannu.

Matsalar lokaci ce. Sashe na 81 na tsarin mulkin 1999 bai tsayar da ranar gabatarwa ba. Kasafin 2024, Tinubu ya kawo shi ranar 29 ga Nuwamba 2023 a kan naira tiriliyan 27.5, aka amince ranar 30 ga Disamba ya koma 28.7. Wata guda kacal! Ta yaya kwamiti zai tantance hukumomi ɗaruruwa a haka? A wannan gaggawar ake cusa fitilun titi da rijiyoyin burtsatse a kasafin hukumomin da ba aikinsu ba ne, kuma abin yana min ciwo.